Malam Ga-wata da Kebul Mai Haƙora Tara

Duk wanda ya taɓa sayen nama mai yawa a Farcha, unguwar abatuwa ta N'Djamena, ya ci albarkacin hannun Ɗan'azumi, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ke gyaran sikeli. Daga na rataye mai ƙugiya da mahauta ke saƙala cinyar sa, har manyan nan na lantarki da ake ɗora rabin saniya lamba ta fito da jan rubutu, babu wanda bai buɗe cikinsa ya mayar ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya sauka N'Djamena daga Kano a bayan motar goro, da jakar kayan aikin mahaifinsa da duwatsun awo na tagulla guda shida. Jakar ta mutu tuni. Duwatsun suna nan, duk Juma'a sai ya goge su.

Mutum ne mai zafin rai, kuma bai taɓa musun haka ba. Wani ya taɓa kawo masa sikeli ya ce a sassauta shi kaɗan, yadda kilo zai riƙa tashi a giram ɗari tara. Ɗan'azumi ya wurga sikelin cikin kwata, ya bi mutumin da sukundireba har bakin titi. Tun daga ranar, in gardama ta tashi a abatuwa kan awo, magana ɗaya ake yi: a kira Bakanon nan. In ya ce kilo ne, to kilo ne.

Abu ɗaya ne ya faɗa a garin nan aka ƙi yarda da shi, kuma shi ne ya tsaya masa a maƙogwaro shekara goma sha ɗaya.

Cikin azumi aka haife shi, abin da ya sa ake kiransa Ɗan'azumi ke nan, kuma tun yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa duban jinjirin wata. Duk ashirin da tara ga wata sai ya tsaya bayan gidansa a gaɓar kogin Chari, ya fuskanci tsallaken Kamaru inda rana ke faɗuwa. Ba don a kama azumi da bakinsa ba, wannan akwai masu sanarwa a rediyo. Shi dai ɗabi'a ce. To a waccan shekarar, a ƙarshen Sha'aban, ya ga watan, siriri kamar yankan farce. Ya sheƙa da gudu ba takalmi zuwa majalisar ƙofar masallaci yana ihu, “Ga wata! Ga wata!” Kafin mutane su taso su iso gaɓa, watan ya nutse. Sai wani jirgi ya gilma daga filin jirgin da ke kusa, yana ƙyalli.

Alhaji Ghali, dillalin shanu mai babban shagon nama a bakin abatuwa, ya nuna jirgin da carbi ya ce, “Jama'a, ga watan Bakano can zai sauka Makka. A kai masa fasfo.”

Aka fashe da dariya. Daga ranar ya zama Malam Ga-wata. Mahauta, masu shayi, har Larabawan da ba su jin Hausa, da shi suke kiransa. Abin haushin, Ghali Badamagare ne, kuma tsakanin Bakano da Badamagare wasa ne tun kakanni. Ba a fushi da abokin wasa. Ko ya taka ka, sai dai ka yi dariya ka rama. Ɗan'azumi bai iya ramuwa da dariya ba, don haka ya riƙa haɗiyewa.

Bara wani likitan dabbobi Bature da ya gama aikinsa zai koma gida ya bar masa madubin hangen nesa, irin mai inji a gindi wanda ke juya kansa ya nemo abin da aka ce ya nemo. Gilashin rimot ɗinsa ya mutu, ba a ganin rubutu, saboda haka sai ta kwamfuta ake ba shi umarni. Tsakaninsu akwai wani tsohon kebul ruwan toka: kai ɗaya USB ne da ke shiga kwamfuta, ɗayan kuma mai haƙora tara ne da ke kama wayar madubin. Ya tsage a wuya, Ɗan'azumi ya naɗe shi da baƙin salatif. Wata bakwai yana koyon abin. Ya zuba siminti a gaɓa, ya yi alama uku da jan fenti inda ƙafafun madubin za su zauna, ya haɗa masa batirin babur. Ya kai ga in ya danna wata a kwamfuta, injin zai yi ƙugi, bakin madubin ya tashi a hankali ya tsaya daidai kansa, ko da rana ba ta gama faɗuwa ba.

Sai da ya tabbata, sannan ya je majalisa ya tsaya a kansu.

“Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, bayan la'asar, kowa ya zo bayan gidana. Har kai, Alhaji. Musamman kai.”

“Da fasfo ko ba fasfo?” in ji Ghali.

“Ka zo da idonka.”

Saura mako guda, batirin kwamfutar ya kumbura. Zaliha, matarsa, ta ce ai ga mijin 'yarsu Nuriyya, aikinsa ke nan. Junaid, surukin nasu, yana da shagon gyaran waya da kwamfuta a unguwar Kabalaye, shi da Nuriyya kuma suna zaune can Gassi, ƙarshen gari. Aka aika masa da jakar kwamfutar gaba ɗaya, har da kebul a ciki. Kwana uku ta dawo, kwamfutar na sheƙi kamar sabuwa. Ɗan'azumi ya kunna, ya ga ta tashi da sauri, ya ce madalla, ya rufe. Ana haramar azumi, sikeli sun yi masa yawa, bai sake bi ta kanta ba.

Ranar ashirin da tara, bayan azahar, ana zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, ya fitar da madubin tsakar gida don gwaji. Ya zura hannu cikin jaka, sai ya zaro wani shuɗin kebul, dogo, mai santsi, har da ƙamshin leda.

“Zaliha!”

“Na'am, Malam.”

“Wannan na waye?”

Ta leƙo daga madafa, hannunta duk gero, tana shirin kunun gobe. “Ina zan sani? Ni da ko taɓa jakar nan an hana ni?”

Ya zazzage jakar a tabarma. Ba ruwan toka, ba salatif. Ya jujjuya shuɗin. Kai ɗaya USB, ɗayan haƙora tara, komai iri ɗaya. Ya yi tsaki ya soka. Kwamfutar ta yi wani ɗan kuka, wani rubutu ya leƙo daga gefen ƙasa da Faransanci: “Périphérique USB non reconnu.” Faransancin Ɗan'azumi na sikeli ne, amma wannan ya gane shi. Cewa take yi ba ta san abin da aka soka mata ba.

“Ba ki san shi ba? Wata bakwai kuna hira, yau ne ba ki san shi ba?”

Ya zare, ya hura bakin, ya mayar. Kuka, rubutu. Ya koma ramin hagu, ya koma na dama, ya koma na baya. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya tsoma auduga a sifirit ya goge haƙoran tara ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko mitarsa ya auna batirin babur: sha biyu da ɗigo shida, lafiya lau. Ya danna maɓallin kibiya a rimot ɗin da ba gilashi, injin ya motsa. Ke nan madubi ba shi da laifi. Ya soka linzamin kwamfuta a ramukan, duk suka karɓa. Ke nan ramuka ba su da laifi. Aikin sikeli ya koya masa ware mai laifi da ɗaiɗaya, kuma an ware kowa saura shuɗin nan. Ya buɗe jerin na'urorin kwamfutar, inda Baturen ya nuna masa. A da akwai layin da ke cewa COM3, wato lambar ƙofar da madubin ke shiga ta ciki. Yanzu ba ƙofa ko ɗaya, sai wata alama mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa, kamar tana yi masa gwalo.

Ya ɗauki waya ya kira 'yarsa.

“Ke Nuriyya! Ina kebul ɗina?”

“Baba, ina wuni? An kusa shiga...”

“Ban wuni ba! Ina kebul ɗina ruwan toka?”

Ya ji ta rufe bakin wayar, ya ji raɗa, ya ji muryar namiji can ƙasa-ƙasa.

“Baba, ya ce a gaishe ka. Ya ce wai ya ga wancan ya tsufa, duk salatif, ga shi manyan mutane za su zo. Shi ne ya saya maka sabo. Bai faɗa ba ne don kada ya zama kamar yana gori.”

“Na gode. Ki ce na gode. Tsohon fa?”

Raɗa kuma.

“Ya ce wai har cikin kwamfutar ya wanke maka, ya zuba sabon tsari, kyauta.”

“Wa ya aike shi? Batiri na ce! Batiri! In na kai miki tukunya ki sa mata marfi, sai ki zubar min da miya? Tsohon nake tambaya!”

“Baba, ranar Talata aka ƙona shara.”

Ɗan'azumi ya buɗe baki. Duk zagin da ya tara a kasuwannin ƙasa biyu, na Hausa da na Larabci, ya taso ya cika masa harshe. Amma suruki ne. Shekara huɗu da auren, bai taɓa kiran sunan yaron ba, ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. In Junaid ya hango shi a hanya, cire takalmi yake ya durƙusa. Ba a ɗaga wa suruki murya, ko ta waya, ko ta bakin 'ya.

“Ki ce masa,” ya faɗa yana cije haƙora, “in ba zai takura ba, ya ɗan leƙo.”

Ya ajiye wayar, ya juya ya shuri butar da ke gefensa, ta daki bango ta fashe.

“Ita kuma me ta yi?” in ji Zaliha.

“Ita ce ba surukata ba!”

Daga Gassi zuwa Farcha ƙeta gari ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mota biyu, ga cunkoson jajibirin azumi. Sai bayan la'asar suka iso, sun ƙarasa a kan kalando, wato acaba, Nuriyya riƙe da mayafi, Junaid da jakar goyo, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure, idonsa a ƙasa.

“Baba, barka da yamma.”

“Barka kadai, Malam. An zo lafiya? Ya hanya? Ya kasuwa? Ya zafi?”

“Alhamdu lillahi, Baba.”

“Madalla. Madalla.”

Jijiyar goshin Ɗan'azumi na harbawa yana wannan gaisuwa. Ya tashi ya koma gindin darbejiya ya ba su baya, don yaron ya samu sakewa. Aikin ya koma na aike. Junaid ya yi magana ƙasa-ƙasa, Nuriyya ta ɗauka ta kai tsawon taku biyar.

“Baba, ya ce wai pilot ne babu.”

“Na san pilot.” Ya sani ɗin. Ɗan ƙaramin shiri ne da ke gabatar da na'ura ga kwamfuta, in ba shi ba ta karɓar baƙo. “Ya zuba mata mana.”

“Ya ce yana saukowa, intanet ɗin ne ba ƙarfi.”

Minti ashirin. Inuwar darbejiya ta tsallake katanga. A bayan gida an fara jin muryoyi, 'yan majalisa sun fara isowa, wani na tambayar inda zai shimfiɗa tabarma.

“Baba, ya ce ya zuba, ta ƙi. Ya zuba wani, ta ƙi. Wai ƙwaƙwalwar da ke cikin kan kebul ɗin jabu ce, kwamfutar ba ta ma iya jin sunanta, balle ta san pilot ɗin da zai dace.”

“Jabu. A nawa... a'a, kada ki tambaye shi. Ki tambaye shi, shi da yake mai gyara, bai gwada ba kafin ya aiko?”

Nuriyya ta tsaya. “Baba, in faɗa masa haka?”

Ya ja numfashi. “Ki ce sannu da ƙoƙari.”

Zaliha ta saki dariya a madafa, ta mayar da ita tari.

Ɗan'azumi ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Kasuwar tsakiyar gari ta yi nisa, kuma duk abin da za a samo can ɗan uwan shuɗin nan ne. Rana kuwa saura tsawon mashi biyu. Jinjirin wata ba ya jira, minti arba'in ne bayan faɗuwarta, shi ma ya bi ta. In yau ta wuce, ba Ga-wata kaɗai za a kira shi ba, za a ƙara masa da wani sunan, kuma Ghali ne zai raɗa. Ya zura wa kan shuɗin ido, haƙora biyar a sama, huɗu a ƙasa. Sai ya ji kamar an mare shi. Ya san wannan bakin. Shekara uku da suka wuce, da hannunsa ya haɗa wani babban sikelin lantarki da kwamfutar shago, da kebul irin wannan sak, na gaske, wanda ya zo cikin kwalin sikelin. Pilot ɗinsa ma yana nan cikin 'yar filashin da ke rataye da makullan shagonsa. Kebul ɗaya tak irinsa a duk Farcha.

A shagon Alhaji Ghali.

“A'a,” ya faɗa da ƙarfi. “Wallahi a'a.”

“Malam, da wa kake?” in ji Zaliha.

Ya zura takalmi, ya fice, ya bugo ƙofar langa-langar har kaji suka watse.

Shagon Ghali cike yake, mata da masu gidajen abinci kowa na son naman sahur ɗin farko. Alhajin na zaune a kujerar roba, fanka na kaɗa masa babbar riga.

“A'a'a! Malam Ga-wata da kansa! Yanzu nake shirin tahowa. Har ya fito ne? Da rana tsaka?”

“Alhaji, aron abu na zo.”

“Bakano da aro? Yau za a yi ruwa. Me kake so, tabarau?”

“Kebul ɗin sikelinka. Zuwa isha'i.”

Ghali ya dubi layin mutane, ya dubi sikelin, ya dubi Ɗan'azumi. “Kai, ka san yau wace rana ce kuwa?”

“Sikelin zai ci gaba da nuna kilo. Kwamfuta ce kawai ba za ta gani ba. Ni na haɗa shi, na sani.”

“To injin Baturen fa? Ba ka ce shi ke nemo wata da kansa ba? Ko shi ma ya ga Bakano ya ƙi aiki?” Ya juya ga mahautan. “Jama'a, kun ji? Watan Kano ba ya fita sai da igiyar Damagaram!”

Aka yi dariya, har da matan da ke layi. Ɗan'azumi ya tsaya ƙiƙam, kunnuwansa na zafi. Hannunsa na cikin aljihu, ya damƙe sukundireba har ta shata masa tafi.

“Za ka bayar ko ba za ka bayar ba?”

“Ka ce, don Allah ubangidana.”

“Alhaji, rana na faɗuwa.”

“To ai ba ni na riƙe ta ba.”

Ɗan'azumi ya dubi ƙasa. “Don Allah,” ya ce, kamar mai tofar da ƙashi. “Ubangidana.”

“Halas, shi ke nan!” Ghali ya tafa. “A cire masa. Amma ni zan riƙo kayana, kada a kai min shi Kano.”

Haka suka taho, Ɗan'azumi a gaba yana sauri, Ghali a baya yana kaɗa kebul kamar carbi, yana tsayawa gaisawa da duk wanda ya gani.

A gaɓa an taru, mutum ya fi ashirin. Junaid ya riga ya fito da madubin, ya ɗora ƙafafunsa kan jan fenti daidai, ya koma can gefe ya rakuɓe. Rana ta yi ja, ta taɓa kan itatuwan tsallake. Ɗan'azumi ya durƙusa, ya soka filashi, ya zuba pilot. Ya soka kebul ɗin sikelin. Kwamfutar ta yi kuka, amma wani kukan daban, mai hawa sama. Alamar ruwan ɗorawa ba ta fito ba.

“Ta karɓa,” ya ce.

Ya buɗe shirin taurari, ya danna wurin haɗawa. Ya jira. Rubutu ya fito: ba a sami madubi ba.

Ya sake dannawa. Ba a samu ba. Ya ƙara ɗaure haƙoran, ya danna. Ba a samu ba.

“Da shunu?” wato mene ne wannan, in ji wani Balarabe mahauci, yana leƙe ta kafaɗarsa.

“Kilo nawa ta ce?” in ji Ghali. “Ai kebul ɗina nama ya saba aunawa. Ku ɗora mata cinya ku gani.”

“Ku ja baya! Ku ja baya, kuna tare min iska!” Ɗan'azumi ya daka tsawa, har wani tsoho ya zubar da shayinsa. Ya ɗaga hannu kamar zai kai wa kwamfutar mari. Can gefe Junaid ya motsa, ya buɗe baki, ya dubi taron dattawa, ya rufe. Nuriyya tana cikin gida tare da mata, ba mai kai aike. Kuma wane suruki ne zai gyara wa uban matarsa a gaban mutane ashirin?

Ladan ya kira magariba.

Ba yadda za a yi. Aka jera tabarmi a nan gaɓar, aka tayar. Ɗan'azumi ya shiga sahu, zuciyarsa na tafasa, yana ƙirga mintocin da ke zubewa, yana neman gafarar ƙirgawar. Sai da aka yi ruku'u ya lura da wanda ke damansa. Kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa. A shekara huɗu, nan ne kaɗai wurin da aka yarda su matsu haka.

Aka sallame. Ɗan'azumi bai juya ba. Yana kallon gabansa ya ce, ƙasa-ƙasa, “Malam, in ka san abin da ya hana, ka faɗa.”

“Baba, ni ban isa in...”

“Junaidu!” Sunan ya fita kamar harsashi, karo na farko. “Ka ƙona min kebul, ka wanke min kwamfuta, ka sa na ce wa Badamagare ubangida. Kunyar ta isa haka. Yi magana!”

Yaron ya kafa idonsa kan tabarma. “Lambar ƙofa ce, Baba. Na mayar maka da shirin yadda yake, yana neman madubi a ƙofa ta uku. Wannan kebul ɗin kuma wata lambar aka ba shi.”

“Tashi ka gyara.”

“A gabansu?”

“A gaban uban kowa!”

Junaid ya rarrafa zuwa kwamfutar. Ya buɗe jerin na'urori: COM7. Ya koma shirin, ya sauya uku zuwa bakwai, ya danna. Bai kai ƙiftawa biyar ba. Ya ja da baya ya bar wa surukinsa wurin. Ɗan'azumi ya nemo wata a allon ya danna.

Injin ya yi ƙugi. Hira ta tsaya cak. Bakin madubin ya taso daga ƙasa a hankali, ya karkata hagu, ya ɗan sunkuya, ya tsaya yana nuna wani wuri a saman itatuwan tsallake, inda jan sama ke komawa kore.

Ɗan'azumi bai leƙa ba. Ya tsaya a bayan madubin, ya bi tsawonsa da ido tsirara, yadda mahaifinsa ke bin sandarsa in yana nuna masa wata. Ya daɗe. Sannan ya gan shi, siriri, a kishingiɗe, inda ya san zai kasance. Bai ce uffan ba. Sau ɗaya ya taɓa yin ihu a kan wata, ya ishe shi.

“Alhaji, bismilla.”

Ghali ya tattare riga, ya tura hula baya. “In na ga fasinjoji zan ɗaga musu hannu.” Ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya. “Ba komai sai... tsaya. Tsaya.” Ya ɗago, ya murza ido, ya koma. Carbin ya suɓuce masa. “La ilaha illallahu. Kai! Ga wata! Jama'a, wallahi ga wata! Ga shi nan kamar an yanka da wuƙa! Ga wata!”

Ya juyo yana nuna sama da hannu biyu, hula ta faɗi. Mutane suka zuba masa ido. Ɗan'azumi ya naɗe hannu a ƙirji, fuskarsa ba alamar wasa.

“Jirgi ne, Alhaji,” ya ce. “A kai maka fasfo?”

Dariyar da aka yi har masunta a kan ruwa suka waiwayo. Aka shiga turereniya, kowa na son leƙawa kafin ya nutse, Ɗan'azumi na tsaye a kansu yana masifa: kada a taɓa ƙafar, kada a riƙe bakin, kai kuma ido ake sawa ba hanci ba. Mutum goma sha huɗu suka gani. Sauran suka makara, suka koma gida jiran rediyo.

Sunan bai bar shi ba. Suna irin wannan ba ya barin mutum a Farcha. Sai dai yanzu biyu ne, akwai Malam Ga-wata, akwai Alhaji Ga-wata, kuma na biyun ya fi jin haushi. Ghali ya ce har gobe na waccan shekarar jirgi ne, Ɗan'azumi ya ce Allah ya isa tsakaninsa da duk Damagaram.

Washegari da sassafe, da azumi a bakinsa, ya mayar da kebul ɗin shagon, ya ɗaura shi da kansa, ya ɗora duwatsunsa na tagulla ya tabbatar kilo na nan a kilo. Ya aika Kano a nemo masa na gaske. Shuɗin kuwa ya naɗe shi tsaf, ya sa a leda, ya ba Nuriyya.

“Ki kai masa. Ki ce a gaishe shi. Ki ce na ce ya rataye shi a shago inda zai riƙa ganinsa kullum.”

“Baba, in faɗa masa haka?”

“Haka za ki faɗa. Kuma ki ce ranar ashirin da tara ga azumi ya zo da wuri. Ya zauna kusa da kwamfutar. Amma in ya sake wanke min wani abu ban sa shi ba, wallahi ba buta zan shura ba.”